Darasi na 14: Kula da Mace Bayan Maganin Sankarar Mahaifa

Motar hayar da ta taso daga Sakkwato takan bi ta Tambuwal da Aliero, ta ratsa Jega, kafin ta sauke fasinjan Mungadi. Lokaci-lokaci a cikin fasinjojin nan akan sami macen da ta shafe kusan wata biyu tana karɓar maganin sankarar bakin mahaifa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Tana sauka gida zai cika. Dangi da maƙwabta su yi ta sallama, wata da ƙwaryar fura, wata da 'yan kuɗin dubiya ƙulle a bakin zane, ana barka da arziki, ana Allah Ya ƙara sauƙi. Kafin mako ya zagayo ƙafa ta ɗauke. A ganin jama'a magana ta ƙare, tunda likita ya sallame ta.

Ita kuwa mai jikin, a lokacin ne take fara sanin abin da cutar da maganinta suka bar mata. Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya nauyi. Fitsari na tashinta cikin dare ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Zafi na taso mata daga ƙirji zuwa fuska ko da tsakiyar hunturu ne, alhali wataƙila ba ta haura shekara 35 ba. Ranar girkinta ta zama ranar fargaba. Kusan dukan waɗannan matsaloli suna da magani ko dabarar rage su, sai dai kusan dukansu suna a wurin da kunya ke hana Bahaushiya buɗe baki. Shi ya sa wannan darasi ya shafi maza kamar yadda ya shafi mata: abin da zai faru da wannan baiwar Allah a shekarun da ke tafe, a tsakar gida za a yanke mafi yawansa.

Cutar da abin da maganinta ke bari a jiki

Sankara, wadda ake kuma kira ciwon daji ko kansa, tana iya kama bakin mahaifa, ko cikin mahaifar, ko ma'ajiyar ƙwai, ko farji. A Nijeriya ta bakin mahaifa ce ta fi yawa, nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kusan 12,000 ne suka kamu da ita a ƙasar nan, wasu kusan 8,000 kuma suka rasu ta dalilinta. Abin da ya sa mace-macen suka yi yawa haka shi ne makara: yawancin mata ba sa isa asibiti sai jini da wari sun fi ƙarfin ɓoyewa. Duk da haka, kowace shekara akwai waɗanda ke komawa gida da ransu, kuma yawansu zai riƙa ƙaruwa gwargwadon yadda gwaji ke isa ƙauyuka.

Hanyoyin magani uku ne, sau da yawa kuma akan haɗa biyu. Akwai tiyata, inda ake cire mahaifa, wani lokaci tare da ma'ajiyar ƙwai da kaluluwar da ke cikin ƙugu. Akwai gashin na'ura, wato haska wurin da wani haske mai ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin cutar. Ga sankarar bakin mahaifa ana yin sa kwana biyar a mako har kimanin mako biyar, sannan a ƙara da gashin ciki, inda ake kai abin hasken daidai bakin mahaifa na ɗan lokaci a fitar. Likitoci na son a kammala duka cikin mako takwas. Sai maganin da ake ɗaurawa ta jijiya, wanda aka fi sani da kemo. Kowannensu na ceton rai, kowannensu kuma yana barin tabo. Hasken da ya kashe cuta ya ratsa mafitsara da hanji da farji a kan hanyarsa. Kaluluwar da aka cire, ita ce a da ke kwashe ruwan da ke taruwa a ƙafa. Ma'ajiyar ƙwai kuwa, in an cire ta ko gashi ya same ta, haila takan ɗauke farat ɗaya, abin da jikin sauran mata ke yi a hankali cikin shekaru.

Ranar komawa asibiti

A shekaru biyu na farko akan so a ga mace duk bayan wata uku ko huɗu, daga nan duk wata shida har a cika shekara biyar, sannan sau ɗaya a shekara. Dalili shi ne idan cutar za ta dawo, ta fi dawowa cikin shekara biyu zuwa uku na farko, kuma wadda aka gano da wuri tana da sauran hanyoyin magani. A nan ake yawan tafka asara. Mace ta ji ƙarfi, damina ta faɗi, maigida na gona, kuɗin motar mutum biyu zuwa Sakkwato da dawowa ya yi nauyi, sai a ce a bari sai kaka. Kaka ta zo ta wuce, aikin albasa ya taso. Kafin a farga an tsallake ganin likita biyu.

Tun ranar sallama ya kamata a tambayi likita wane duba ne za a iya yi a kusa, ko a Asibitin Sir Yahaya da asibitin tarayya na Birnin Kebbi, ko a na Kalgo, wane ne kuma ya zama dole sai an koma Sakkwato. A karɓi takardar da ke ɗauke da bayanin jinyar, a adana ta cikin leda tare da katin asibiti, a kuma ɗauki hotonta a waya. Wanda ya iya karatu a gidan ya rubuta ranar komawa a inda kowa zai gani.

Akwai alamomin da ba a jiran ranar kati dominsu: ganin jini bayan ya ɗauke, ruwa mai wari, ciwon mara ko baya da ke sauka a ƙafa, rama ba dalili, tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kumburin ciki, ko raguwar fitsari. Duk wadda ta ga ɗaya daga ciki ta kama hanya a makon. Matar da sankararta ta biyo bayan cikin da ya lalace ya zama ƙurajen ruwa maimakon jariri tana da nata sharaɗin. Wannan nau'i yana jin magani ƙwarai, amma ana bibiyarsa da gwajin jini, kuma akan nemi ta dakatar da ɗaukar ciki kimanin shekara guda don kada sabon ciki ya rikita sakamakon gwajin.

Ƙafa da ƙugu

Kumburin ƙafa yana iya bayyana bayan watanni, ko ma bayan shekaru. Yakan fara da takalmi ya matse da yamma, ya saki da safe. Mutane kan ce tundurmi ne, ko ta taka sammu, daga nan a kira wanzami ya yi tsaga ko ƙaho, ko a yi sakiya. Wannan shi ne mafi munin abin da za a yi wa irin wannan ƙafa, domin ruwan da ya taru a cikinta wurin hayayyafar ƙwayoyin cuta ne, ƙaramin rauni ma kan zama babban ciwo. Abin da take buƙata mai sauƙi ne, sai dai yana son naci: a wanke ta kullum, a tsane tsakanin yatsu, a shafa man kaɗe don kada fata ta tsage, kada a taka ƙasa ba takalmi, a ɗora ta a kan matashi lokacin hutu, a kuma yi tafiya a hankali kowace rana. Masu gashin ƙashi na asibiti suna koyar da tausa ta musamman da ɗaurin bandeji, suna kuma auna safa mai matsewa. Idan ƙafar ta yi ja, ta ɗauki zafi, ga zazzaɓi, a ranar za a nemi maganin kashe ƙwayoyin cuta. Idan kuwa ta kumbura ne kwatsam tare da ciwo, ana iya samun gudan jini a jijiya, wannan kuma na gaggawa ne.

Ciwon ƙugu da na baya ma yana buƙatar lura. Aliero ta yi suna a fannin ɗori, har daga wasu jihohi ake kawo masu karaya, don haka ba abin mamaki ba ne mutumin wannan yanki ya fara tunanin mai ɗori da zarar ƙashi ya yi ciwo. Amma ƙashin ƙugun da aka gasa yakan yi rauni har ya tsage ba tare da an faɗi ba, kuma ciwon na iya zama alamar cutar ce ta dawo. Murza irin wannan wuri ɓarna ce. A fara ɗaukar hoto tukuna. Ɗaukewar haila da wuri ita ma tana rage ƙarfin ƙashi, saboda haka nono da kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu, miyar kuka da zogale sun cancanci samun wuri a kwanonta.

Maganin kemo da aka fi haɗawa da gashi yana taɓa ƙoda, wani lokaci ya rage ji, ko ya bar tafin ƙafa da yatsu suna yi kamar ana soka allura. Saboda ƙodar ne ake hana shan magungunan ciwon jiki na kemis barkatai da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba. A tambayi likita wanne ya dace.

Fitsari, bayan gida da salla

Mafitsarar da gashi ya ratsa takan ƙanƙance, ta riƙa matsa wa mace fitsari a kai a kai, wani lokaci da zafi ko ɗigon jini. Hanji ma haka: zawo, murɗar ciki, ko bayan gida ya zo ba shiri. Mata da yawa kan rage shan ruwa don gudun kunya, sai fitsarin ya yi kauri ya ƙara zafi, ƙoda kuma ta wahala, musamman a zafin bazara. Gara a sha ruwa sosai da rana a rage da dare. Rage yaji da maiƙo da shayi mai kauri yana taimakawa, haka ma cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa. Akwai kuma motsa jikin da ungozoma ke koyarwa na matse tsokar gaba, kamar mai riƙe fitsari, a saki, a maimaita sau da dama a yini.

Kaɗan daga cikin matan kan sami yoyon fitsari ko na bayan gida, saboda cutar ko gashin ya huda tsakani. Jihar Kebbi na da cibiyar masu yoyon fitsari ta Gesse a Birnin Kebbi, amma ya kamata a san cewa yoyon da ya biyo bayan gashi ya fi na doguwar naƙuda wuyar ɗinki, kuma likita zai fara tabbatar da cewa ba cutar ce ta dawo ba. Kafin nan, ƙyalle mai tsabta da ake canzawa a kai a kai, wanki da sabulu marar ƙamshi, shanya a rana, da shafa man kare fata suna hana gyambo.

Abin da ya fi ci wa irin waɗannan mata rai, wanda kuma ba kasafai ake tambayarsu ba, shi ne salla. Wata takan daina yi gaba ɗaya, tana ganin ba ta da tsarki, ta zauna da wannan nauyi ita kaɗai. Alhali malamai sun daɗe da warware mas'alar. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malaman ƙasar nan, ya nuna cewa mai jinin ciwo da mai yoyon fitsari suna salla, an dai so su sabunta alwala ga kowace salla. Wadda ba ta iya tsayuwa ta yi a zaune. Marar lafiyar da azumi zai cutar an yi mata rangwame. Malamar Islamiyyar da ta kai wa mai jinya wannan bayani har ɗaki ta yi mata abin da allura ba za ta yi ba.

Zaman aure

Wannan shi ne ɓangaren da aka fi yin shiru a kansa, kuma shi ya fi kashe aure.

Da farko dai, sankara ba a ɗaukarta. Ba ta bin kwano, ba ta bin buta ko tabarma, ba ta kuma bin saduwa. Matar da aka yi wa gashi ba ta ɗauke da wani haske a jikinta da zai cutar da miji ko jariri. Gaskiya ne cewa kusan duk sankarar bakin mahaifa tana farawa ne daga ƙwayar cutar HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, kuma wasu mazan da suka ji rabin wannan bayani sukan koma zargin matansu. Zargin nan zalunci ne. Mafi yawan mutane, maza da mata, suna ɗaukar wannan ƙwaya a wani lokaci na rayuwarsu ba tare da sun sani ba, jikin yawancinsu kuma ya kawar da ita da kansa. A wurin wadda ta zauna wa, takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Macen da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta tana iya kamuwa.

Sai maganar da ake yaɗawa cewa wadda aka cire wa mahaifa ta zama fanko, ba ta da sauran amfani ga namiji. Mahaifa wurin zaman ɗa ce. Cire ta yana hana haihuwa da haila, amma farji yana nan, sai dai ya ɗan rage tsawo idan tiyatar babba ce. Matsalar gaske tana ga gashi. Kamar yadda fatar da ta ƙone takan tattare idan ta warke, haka cikin farji kan bushe, ya ƙuntace, har bangonsa ya manne idan an bar shi. Wannan na sa saduwa ta yi zafi, yana kuma hana likita ganin wurin da ya kamata ya duba. Domin haka ake ba mace wani abu mai santsi na roba, girma-girma, ta riƙa sakawa da man asibiti na 'yan mintoci kamar sau uku a mako, bayan raɗaɗin gashin ya lafa. Da yawa kan karɓa su jefa a ƙasan akwati saboda kunya, ko tsoron abin da miji zai ce in ya gani. Ya fi kyau nas ta yi bayanin a gaban su biyun tun a asibiti, don maigida ya san cewa wannan abu cikin magani yake.

A nan dole a ja kunne game da kayan mata. Matar da ke tsoron rasa matsayinta a gaban kishiya takan nemi taimakon masu haɗi, a ba ta na matsi ta saka. Wurin da aka gasa fatarsa ta yi laushi, ba ta jure alimun, kanwa, garin itace ko turare. Abin da zai biyo baya shi ne gyambo da jini da ƙarin toshewa. Jikinta danshi da sassauci yake nema, matsi kuwa kishiyar haka yake yi. Man saduwa mai ruwa-ruwa da ake sayarwa a kantin magani ya wadatar. Ga zafin jiki, gumin dare da bushewa, akwai maganin da ke maye gurbin sinadarin da ma'ajiyar ƙwai ta daina samarwa. Yana dacewa da yawancin masu sankarar bakin mahaifa, amma bai dace da wasu nau'o'in ba, don haka likitan da ya san jinyar ne kaɗai zai rubuta shi.

Komawa shimfiɗa yakan yiwu bayan kimanin mako shida, in likita ya duba ya amince, kuma a hankali. Abin da ake nema daga maigida shi ne haƙuri da tambaya. Malaman fiƙihu sun bayyana cewa rashin lafiya ba ya kayar da rabon kwanan mace, domin kwana ya haɗa da hira da ɗebe kewa. Mijin da ya ci gaba da shiga ɗakinta ranar girkinta, ya ci abincin da ta taɓa a gaban kowa, ya kashe bakin masu tsegumi ba tare da ya ce uffan ba.

Ga yarinyar da aka cire wa mahaifa tun ba ta haihu ba, ko tana da ɗa ɗaya tal, rashin nan makoki ne na gaske. Faɗa mata cewa ta gode wa Allah da ta rayu, alhali ta riga kowa godewa, ba ya rage mata zafi. A bar ta ta yi kukanta, kada kuma a mayar da haihuwar wasu abin gori a gabanta.

Gajiya, sana'a da kuɗi

Gajiyar da ke bin wannan jinya daban take da ta aiki, barci ba ya kawar da ita, kuma tana iya kai watanni. Uwar miji ko kishiyar da ba ta san haka ba sai ta ɗauka ƙiwa ce. A fara auna jini, domin ƙarancinsa na cikin dalilai. Bayan haka, bincike ya nuna cewa motsa jiki daidai ƙarfi yana rage gajiyar fiye da kwanciya. Zagaya gida da safe, zuwa gaishe da maƙwabta, daga baya zuwa makarantar Islamiyya da ƙafa, duk motsa jiki ne. Daka, surfe da ɗaukar jarkar ruwa su jira aƙalla mako shida bayan tiyata. Abinci kuwa ba sai an nemi na kanti ba: wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nama in an samu, da ganye. Hana mai jinya nama ko ƙwai da sunan suna ciyar da cuta ba shi da tushe, ƙara mata rama kawai yake yi.

Yawancin gidajen da suka yi wannan jinya sun sayar da tumaki, ko hatsi, ko ma gona. Jarin matar na ƙuli-ƙuli ko na turara shinkafa shi ke fara tafiya. Mayar mata da sana'a yana cikin jinya, domin macen da ke da nata kuɗin mota ba ta jiran kaka kafin ta ga likita. Idan tsayuwa gaban wuta ta gagara saboda ƙafa, akwai kiwo, ɗinkin hula, ko sayar da kayan miya a zaune. 'Yan adashi na iya ba ta ɗaukar farko. Akwai kuma ƙofofin hukuma da ya kamata a ƙwanƙwasa: hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KECHEMA, da asusun da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2021 don tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama, bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, wanda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana cikin asibitoci shida da aka fara da su. Ofishin walwalar marasa lafiya na asibiti ne zai faɗi abin da ake samu a lokacin da kuma takardun da ake nema.

Zuciya ma tana jinya. Kowane ɗan ciwon mara sai gabanta ya faɗi, daren da za a koma asibiti kuwa barci ƙaura yake yi. Wannan ba rashin tawakkali ba ne. Amma idan mace ta haura mako biyu ba ta jin daɗin komai, ba ci, ba barci, tana kuka ita kaɗai ko tana cewa gara ta mutu, ciwon damuwa ne, kuma yana da magani a asibiti. Hausawa na cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Babu wadda ta fi iya kwantar wa sabuwar mai jinya hankali kamar wadda ta bi hanyar ta dawo, saboda haka haɗa su biyun, ko ta waya ce, babban taimako ne da ma'aikaciyar lafiya za ta iya yi ba da ko kwabo ba.

Wadda cutarta ba ta warkuwa

Wasu matan ana sallamarsu ne da sanin cewa cutar ta wuce a cire ta. Su ma suna da haƙƙin rayuwa ba cikin azaba ba. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince cewa kulawar rage raɗaɗi wani ɓangare ne na aikin lafiya da ya wajaba a kan kowace ƙasa. Ana ba da maganin mofin na sha ga ciwo mai tsanani, a kan lokaci, ba sai ciwon ya taso ba, tare da maganin taurin bayan gida da yake haddasawa. Shan sa bisa umarnin likita daban yake da shaye-shaye. Warin da ke sa a ware mace a ɗakin ƙurya yana raguwa ƙwarai da maganin metronidazol da tsabta. Ɗaki mai iska, juya ta a kan shimfiɗa don gudun gyambon kwanciya, da barin 'ya'yanta su zauna kusa da ita, duk a hannun mutanen gida suke.

'Ya'yanta da ƙannenta

Jihar Kebbi ba baƙuwa ba ce a wannan yaƙi. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, likitar yara wadda ta kafa gidauniyar Medicaid a 2009, ta yi amfani da shekarun da mijinta ya yi yana gwamna, daga 2015 zuwa 2023, wajen yaɗa gwajin sankara a jihar, kuma a Oktoban 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya, UICC, mutum na farko daga Afirka da ya sami wannan matsayi. A ranar 24 ga Oktoba, 2023 kuma Nijeriya ta shigar da allurar rigakafin HPV cikin alluran yau da kullum, kyauta, sau ɗaya tak, inda aka fara da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14.

Sankarar bakin mahaifa ba a gadonta, amma 'yar mai jinya na buƙatar wannan allura kamar kowace yarinya, ƙannen mai jinyar da kishiyoyinta kuma su je gwaji daga shekara 30, ko 25 ga mai ɗauke da cutar HIV. Wasu nau'o'in sankarar ma'ajiyar ƙwai da ta cikin mahaifa suna bin dangi, don haka idan an sami mutum biyu ko fiye a zuri'a ɗaya masu ita ko ta mama, a sanar da likita. Matar da ta warke, idan ta yarda da kanta ba tilas ba, maganarta a gidan suna ta fi ta kowane mai shela shiga kunne.

Tambayoyi da aikin aji

1. Me ya sa ake yawaita ganin likita a shekaru biyu na farko, kuma waɗanne alamomi ne ba a jiran ranar kati dominsu?
2. Wace illa tsaga, ƙaho ko sakiya ke yi wa ƙafar da ta kumbura bayan wannan jinya?
3. Da wace hujja za a amsa wa mai cewa ana ɗaukar sankara a kwano, ko mai zargin matarsa saboda ita?
4. Yaya mai yoyon fitsari za ta yi da sallarta?

Kafin darasi na gaba, ɗalibai su rabu biyu-biyu su je asibitin da ya fi kusa da su, a Mungadi, Maiyama, Jega ko Aliero, su tambayo ranar da ake yin allurar HPV da inda ake gwajin bakin mahaifa, su rubuto amsar a littafinsu. Wanda kuma yake da mai irin wannan jinya a gida ko a maƙwabta, ya nemi izininta ya duba katin asibitinta yau, ya ga ko ranar komawarta ta wuce.